Bishiyar da Na Sa a Shafin Farko

Shekarar da na dawo Daura daga karatu, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Lissafi na karanta, na ƙara da koyon rubuta manhajar kwamfuta, kuma a duk unguwarmu, can bayan Kusugu, babu wanda ya san takamaiman abin da nake yi. Idan aka tambayi mahaifiyata sai ta ce, "Aikin asibiti yake, amma ba ya allura." Ban taɓa gyara mata ba. Daɗi ma nake ji, don na lura tunda ba a gane aikin ba, girmansa ake gani.

Wani ɗan ofis ne na samu, mai ɗaki uku da fanka guda mai gurnani. Aikinmu kula da wata manhaja da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka suke amfani da ita a wayoyinsu. Idan aka kawo mara lafiya mai cutar da ake ɗauka, sai ma'aikaci ya cika fom: suna, shekaru, unguwa, sana'a, ranar da ciwo ya fara, da waɗanda ya yi hulɗa da su. Bayanan su taho wurinmu, mu tattara, mu ga inda cuta ta dosa. Shugabarmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya. Ba ta san rubuta manhaja ba, da yatsa ɗaya ma take latsa kwamfuta, amma ta shekara da shekaru tana bin cuta a bayan babur, daga ƙauyukan Baure har bakin iyakar Nijar. A fili ina girmama ta. A raina kuwa, Allah ya yafe mini, ina ganin zamani ya bar ta a baya.

Akwai wani lissafi da na ƙaunata tun ina makaranta, wanda a ofis muka laƙaba wa suna lissafin rassa. Ba wani abu mai wuyar ganewa ba ne. Mutum ɗaya ya kamu, ya shafa wa biyu, ko ɗaya, ko kuma bai shafa wa kowa ba. Kowanne daga cikinsu shi ma haka. Idan ka zana abin a takarda sai ya fito kamar bishiya, gindi a ƙasa, rassa suna ta rabuwa. Daga yadda rassan farko suka fito, lissafin yana iya gaya maka ko cutar za ta mutu da kanta ko za ta zama annoba. Wata biyu na yi ina rubuta shi. Na ƙara masa zane mai kyau, kowane mara lafiya ɗan da'ira, da layi da ya haɗa shi da wanda ake jin daga wurinsa ya ɗauka. Ranar da ya yi aiki na farko, sai da na tashi na zagaya teburina.

Saura abu ɗaya: a ina za a sa shi cikin manhajar? Wuri biyu ne. Manhaja kamar gida take, akwai tsakar gida inda kowa ke bi, akwai kuma ɗakuna masu ƙofa. Idan na sa lissafin a tsakiya, zai yi aiki a kan kowace cuta da aka shigar, kuma bishiyar za ta fito a shafin farko na wayar kowane ma'aikaci. Idan na sa shi a ɓangare na dabam, mu kaɗai a ofis za mu iya buɗe shi, kuma sai cutar da muka zaɓa.

Na kai wa Hajiya maganar da safe, tana shan shayinta. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallon zanen.

"Ya yi kyau, Malam," ta ce. "Sa shi a ɗaki, ka ja ƙofa."

"Hajiya, ai ma'aikatan ƙauye su suka fi bukatar su gani."

"Su gani su yi me da shi? Ƙyanda na yarda, daga numfashin wannan zuwa na wancan take bi. Amai da gudawa fa? Wannan ruwa take bi. Gari guda ya sha rijiya ɗaya, kai kuma ka zo ka ce wane ne ya ba wane."

Na ce mata sai a gyara wannan daga baya. Sai ta ɗora yatsa a kan da'irar da ke can ƙasa.

"Wannan kuma mutum ne. Yana da gida, yana da maƙwabta."

A nan ne na yi murmushin da har yau idan na tuna shi nake jin kamar in mari kaina. Na ce, "Hajiya, ai na cire sunaye. Babu suna ko ɗaya a zanen. Haka ake yi a duk duniya."

Na bi ta da hujjoji na masu aikinmu. Na ce idan lissafin yana tsakiya ba sai an rubuta shi sau biyu ba, gyara zai yi sauƙi, manhaja za ta fi tsafta. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina shi ne na sha wahalar wata biyu, kuma ba na son a kulle wahalar a ɗakin da mu 'yan ofis kaɗai ke shiga. Ga wasu baƙi da ake sa ran zuwansu daga Katsina su duba aikinmu. So nake da sun buɗe waya, abin da na yi ya fara gaishe su.

Hajiya ta cire tabarau. "Kai ka san na'urarka," ta ce. "Ni dai na faɗi nawa."

A makon ne 'yarta ta haihu a Kano, ta ɗauki hutu ta tafi. Ta bar mini ofis, ta bar mini shawara. Kafin motarta ta wuce Kazaure na riga na sa lissafin a tsakiya. Da na duba zanen a waya sai na ga da'irori tsirara ba su da armashi, don haka na bar ɗan rubutu ƙarƙashin kowacce: mace ko namiji, shekaru, sana'a. Akwai kuma wani layi da na ƙara. Idan ba a san daga wa mutum ya ɗauka ba, da'irarsa takan tsaya ita kaɗai a gefe, ta ɓata mini tsari. Sai na umarci manhajar ta haɗa shi da wanda ya riga shi kamuwa a gida mafi kusa. Ba wani ilimi ya sa ni ba. Kyan zane kawai nake nema.

Baƙin Katsina suka zo, suka yaba, ɗaya har ya ɗauki hoton bishiyar. Na koma gida ranar ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Da damina ta yi nisa, amai da gudawa ta ɓulla a wani ƙauye gaba da Mai'adua. Bayanai suka fara shigowa, bishiya ta fara tsiro a allon kwamfutata. Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba: na ji daɗi. Kullum da safe kafin in ajiye jaka nake buɗe ta in ga rassa nawa aka ƙara. Na kira direbanmu na nuna masa, na ce ya ga yadda lissafi ke aiki. Ya kalla ya ce, "Allah ya kawo musu sauƙi," ya fita. Ko wannan bai farkar da ni ba. A can gindin bishiyar, da'ira ta farko, an rubuta mace, an rubuta shekarunta, an rubuta mai koko. Na karanta ya fi a ƙirga, ban ga komai a ciki ba.

Abin da ya faru a ƙauyen, daga baya na ji shi. Ma'aikacin lafiyar wurin wani dattijo ne mai furfura a gemu, mai tsoron Allah a aikinsa. Mutane suna ɓoye marasa lafiya a gida, sai sun galabaita ake kawo su. Ya roƙi mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa don ya ja musu kunne. Yana cikin bayani ya ga ba sa bin sa, sai ya tuna da zanen da ke shafin farko na wayarsa. Ya buɗe ya nuna musu, ya ce ku ga yadda take yaɗuwa. Waya ta bi hannu hannu. Yawancinsu ba su yi boko ba, amma babu manomin da bai san bishiya ba, kuma babu wanda bai san daga gindi take tashi ba. Wani ya tambaya wane ne wannan na ƙasa. Wani da ya iya karatu ya karanta da ƙarfi.

Mai koko ɗaya ce a ƙauyen.

Ni ɗan Daura ne, a nan aka yanke mini cibiya. Na san sarai ba a kiran macen da ta aurar da 'ya'ya da sunanta. A unguwarmu akwai mai ƙosai, akwai mai daddawa, akwai mai kitso, na girma a gabansu, kuma ko yau aka ɗora mini wuƙa ba zan iya kawo sunan yankan ɗaya daga cikinsu ba. Da sunanta na bari na cire sana'ar, da sai mutanen ƙauyen sun yi tambaya kafin su gano wace ce. Abin da babu mai kiranta da shi na ɓoye, na bar wanda kowa ya san ta da shi. Na ɗauko dokar wasu mutane daga littafi na bi ta tiryan-tiryan, na manta da garin da nake zaune.

Hajiya ta dawo daga Kano, ko kwana biyu ba ta yi ba ta hau mota ta nufi ƙauyen. Ta kwana uku can. Ranar da ta shigo ofis, da laka a gefen zanenta, ta ajiye jaka ta zauna a kujerar da ke gaban teburina, abin da ba ta saba yi ba.

"Rijiyar kwari ce," ta ce. "Ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya zuba a ciki. Duk wanda ya kwanta, daga ita gidansu ke ɗiba. An rufe ta."

Na ce alhamdu lillahi.

"Ka san wace ce a gindin bishiyarka?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ka san me ya sa ta zama ta farko? Don ita ce ta farko da ta je asibiti. Da ƙafarta ta je, tana dafa bango. Akwai waɗanda suka riga ta kwanciya, aka ɓoye su a ɗaki, ba su shiga fom ba sai daga baya, wasu ma ba su shiga ba sam. Ita da ta yi abin da muke ta roƙon mutane su yi, ita ka ɗora wa gari a ka."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce matar ta warke, ta koma ta kafa tukunyarta a ƙofar gida kamar yadda ta saba tun rasuwar mijinta, babu wanda ya zo da kwano. Kwana uku tana damawa tana zubar wa awaki, sannan ta daina. An yi suna a maƙwabta ba a kira ta aikin abinci ba, ita da ba a ɗora tukunyar biki sai da ita. Kuma cutar ta samu suna a ƙauyen. Ciwon mai koko suke ce mata.

Tsakanin azahar da la'asar na cire lissafin daga tsakiya na mayar da shi ɓangare na dabam. Na kulle shi, na hana shi taɓa cutar da ke bin ruwa, na goge layin nan mai haɗa mutum da maƙwabcinsa, na cire sana'a. Sauƙin aikin ya fi komai ba ni kunya. Abin da na yi ta jayayya a kansa, na kawo hujja sama da ƙasa, ko awa biyu bai ci ba. Da wayoyin ƙauye suka samu sabis, bishiyar ta ɓace daga shafin farko. Ma'aikacin lafiya ya tashi a masallaci ranar Juma'a ya yi bayanin rijiya. Mutane suka yarda, suka haɗu suka yashe ta, suka ɗaga mata baki. Amma sun ga zane da idonsu, kuma suka riƙe duka biyun: rijiya ta lalace, mai koko ce ta fara.

Hajiya ta ce mini, "Ka je ka gan ta." Sau ɗaya ta faɗa. Na yi ta kawo dalilai, yau aiki, gobe hanya ba kyau, har gero ya fara fitar da kai. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Wata Asabar dai bayan sallar asuba na shiga motar Mai'adua, daga can na hau babur. Hanya yashi ce da kwazazzabai, gero ya rufe mu hagu da dama. Duk tafiyar ina tsara abin da zan ce, ina gyarawa, kamar mai shirin jarrabawa.

Ma'aikacin lafiyar ya raka ni har ƙofar gidan. Bai yi mini maganar waya ba, ni ma ban yi masa ba, kowa yana ɗauke da nasa. Ya yi sallama, ya ce ga baƙo daga Daura, sannan ya ce marasa lafiya na jiransa, ya juya. A gefen ƙofar akwai duwatsun murhu uku da baƙin hayaƙi a jikin katanga, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu.

Ta fito da tabarma a hannu. 'Yar ƙaramar mace ce, ramar ciwo ba ta gama sakinta ba. Ta shimfiɗa mini, ita ta zauna a dokin ƙofa. Muka gaisa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi Daura ko an samu ruwa.

"Kai ma na asibitin ne?" ta ce. "Allah ya saka muku. Da ba don ruwan da kuka ɗaura mini ba, da yanzu an yi sadakar arba'in."

Duk abin da na tsara a kan babur ya gudu. Na ce, "Inna, zanen nan da aka nuna a ƙofar mai gari, ni na yi shi."

"Wane zane?"

Ashe ba ta taɓa ganinsa ba. Taron maza ne, labari kawai ya iso mata.

"Au, na'urar," ta ce. "An ce na'ura ta nuna ni. To, ɗan nan, me zan ce? Da mutum ne ya faɗa, sai in ce ƙiyayya ce. Na'ura ba ta san ni ba bare ta yi mini sharri." Ta gyara mayafinta. "Ni dai Allah ya sani ban yi da gangan ba. Waɗanda suka rasu, kullum ina sa su a addu'a, ina roƙon su yafe mini. Akwai wadda tun tana goye nake zuba wa uwarta koko."

Ban yi shirin wannan ba. Na zo ne ina zaton zan tarar da wadda aka yi wa ƙazafi, tana jiran a wanke ta. Ban san ita ma ta yarda ba. Wata biyu matar nan tana kwana tana tashi da rayukan mutane a wuyanta, don ni ban son ganin da'ira ita kaɗai a gefen allo.

Na yi mata bayani da duk Hausar da nake da ita. Na ce na'ura ba ta san komai ba, abin da na gaya mata shi take maimaitawa, kuma ni ne na gaya mata ba daidai ba. Na ce rijiyar kwari ce, ita ma a can ta ɗauka kamar kowa. Na ce ta zo farko ne don ta riga kowa zuwa asibiti. Na ce koko ma da tafasasshen ruwa ake dama shi, cutar ba ta rayuwa a cikinsa, a duk abincin garin babu wanda ya kai nata aminci. Na ce ta yafe mini.

Ta daɗe tana kallona. "Ka tabbata, Malam? Ba don ka kwantar mini da hankali ba?"

"Wallahi na tabbata, Inna."

Na ga fuskarta ta saki kaɗan kaɗan. Ta sa gefen mayafi ta share ido, ta yi hamdala a hankali. Sai ta miƙe da sauri kamar wadda ta tuna wani abu.

"Ka gan ni, baƙo tun daga Daura, ko karyawa ba ka yi ba. Ina dama kaɗan na gida."

Ta shiga ta fito da kwano a rufe da faifai, da ludayi a kai. Ta durƙusa ta ajiye a gabana ta buɗe. Tururi na tashi, ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina. Ba gwada ni take ba, na rantse. Baƙo ta gani, ta kawo masa abin da take da shi cikin murna.

Na ɗauki ludayin. Na ɗebo. Sai hannuna ya tsaya a hanya. Wani tunani ne ya gifta mini, wai da wane ruwa aka wanke ludayin nan. Ban fi ƙiftawar ido biyu ba a haka. Ni da na san rijiyar, na san an gyara ta, na san cutar ta wuce, ni da bakina bai bushe ba daga rantsuwa.

Ta gani. Matar da ta shekara talatin tana kallon hannun masu karɓar kwano ba za ta kasa gani ba.

"Bar shi, ɗan nan," ta ce a hankali. "Ba dole."

Na kai ludayin baki da sauri, na ƙona harshe, na ci gaba da sha ba tsayawa har na ga ƙasan kwanon. Na ce ban taɓa shan koko mai daɗinsa ba, na ce a ƙaro. Ta ce madalla. Amma ta riga ta kawar da kai tana kallon hanya, kuma ba ta ƙaro ba. Da na yi mata sallama ta ce in gai da mutanen Daura, ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki kwanon ta shiga gida.